Rage Cokali Ɗaya: Yadda Ake Canja Hali Ba Tare da Rantsuwa Ba

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin duba masu hawan jini da ciwon sukari ya san maganar da majiyyata ke yi ranar da likita ya faɗa musu sakamakon gwajinsu: "Daga yau na daina." Na daina shan sukari, na daina lemun kwalba, na daina gishiri, na daina taba, gobe da asuba zan fara motsa jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina jin wannan magana, kuma ban taɓa ɗaukar mai yin ta maƙaryaci ba. Har zuciyarsa yake faɗa, domin tsoro ya kama shi. Sai dai tsoro ba ya daɗewa a jikin mutum. Bayan sati biyu ko uku jiki ya yi sauƙi, a koma gidan jiya, ranar dawowa asibiti kuma kunya ta hana mutum zuwa. Wannan rashin dawowar shi ne ya fi tayar mini da hankali, don galibi ba ma sake ganin mutumin sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga.

Shi ya sa idan majiyyaci ya fara jero mini abin da zai daina, nakan ce ya dakata, mu zaɓi guda ɗaya, mu ƙanƙanta shi har ya zama ba zai gagare shi ba ko a ranar da ya tashi da gajiya da ɓacin rai. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda muke yi. Misalaina na ɗakin jinya ne, amma mai son ya riƙe karatun Alƙur'ani, ko ya fara ajiyar kuɗi, ko ya rage kwana kan waya, hanyar guda ce.

Kafin ka taɓa komai, ka fara kallon kanka

Satin farko ba a canja komai. Ana kallo ne kawai. Ka samu ɗan littafi ko bayan kwalin magani, duk lokacin da ka yi abin da kake son bari ka rubuta abu uku: ƙarfe nawa, a ina, da wa kake tare. Mata da yawa da na ba wannan aikin sun dawo suna mamaki, domin wadda take ganin tana shan lemo "jefi-jefi" sai ta tarar kullum ne, kuma lokaci guda ne, bayan ta gama girkin rana ta zauna ta miƙe ƙafa. Direban da ke cewa ba ya shan taba da yawa sai ya ga duk tasha yana kunnawa yayin da ake jiran mota ta cika. Hali yana da lokacinsa, da wurinsa, da abokan tafiyarsa. Masu bincike ma haka suka gano. A shekarar 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, da abokan aikinta suka sa ɗalibai rubuta abin da suke yi sa'a bayan sa'a, sai aka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukansu suna maimaita su ne kusan kullum a wuri guda, hankalinsu yana can wani waje. Abin da hannu ke yi hankali na wani waje, niyya kaɗai ba ta isa ta tare shi, domin kafin niyyar ta farka an riga an gama.

A wannan satin ne kuma za ka auna. Ba kintace ba, awo. Cokali nawa na sukari ke shiga kofinka? Kofi nawa a yini? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da babba zai ƙara a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma idan ya sauko zuwa giram 25, cokali 6, ya fi. Robar lemo ta rabin lita, irin wadda aka fi sha, ita kaɗai tana ɗauke da kusan giram 50. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai kusan giram 5. To, mutumin da ya sha shayi da ƙwaya biyar da safe, ya sha koko da sukari, ya kora abincin rana da lemo, ya koma teburin mai shayi da daddare, sai ya zauna ya haɗa lissafin da kansa. Na fi son ya haɗa da kansa. Lissafin da mutum ya yi da hannunsa ya fi shigarsa fiye da faɗan da za mu yi masa.

Ragewa

Yanzu sai a rage, kuma ragi ɗaya tak. Mai cokali huɗu ya koma uku, ya zauna a kai sati biyu. Ranar farko da ta biyu zai ji shayin ya yi salam. Kafin sati biyun su cika harshensa ya saba, har ya manta an rage. Sannan ya koma biyu. Kada ya yi gaggawa don ya ga abin ya zo da sauƙi. Na sha ganin wanda ya ji daɗin ragin farko ya ce bari ya zubar da sauran gaba ɗaya, ya yi kwanaki yana kurɓar shayi yana yamutsa fuska, daga nan ya koma huɗunsa.

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da ya nuna mini wani abu da nake koya wa kowa yanzu. Na ce masa, "Baba, a rage cokali ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, ai ba ni ke zubawa ba. Mai shayi ne ke zubawa, kuma shekara da shekaru ya san hannuna." Gaskiya ya faɗa. Halin nasa ba a hannunsa yake ba, a hannun mai shayi yake. Ya je ya same shi ya ce likita ya ce a rage, daga yau uku, ko ya nemi ƙari kada a ba shi. Mai shayin ya riƙe amana, har yakan ɗaga cokalin ya nuna masa kafin ya zuba: ɗaya, biyu, uku, ya rufe gwangwanin ya tura shi can bayan tukunya. Saboda haka ka tambayi kanka: hannun wa ke zuba maka? Idan maiɗakinka ce, da ita za a yi maganar. Idan yaron shago ne ke sayo maka lemo kullum da azahar ba tare da ka aike shi ba, shi za a faɗa wa.

Gishiri ya fi sukari wuyar kamawa, domin a tukunya yake shiga, kuma tukunyar ta gida duka ce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini ga babba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin burodi, da taliyar yara, da yaji, da magi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke tayar da jini, mutane da yawa ba su san haka ba. Abin da nake gaya wa uwargida shi ne: Hajiya, kada ki yi wa maigida tukunyarsa daban. Tukunya biyu wahala ce, ba za ta ɗore ba, shi ma zai ji kamar an ware shi, ƙarshe ya riƙa ɗebo miyar yara. Ki auna gishirin da kika saba sawa da cokali, ki daina ɗiba da yatsu. Ki rage kwata. Idan magi huɗu kike sawa, ki sa uku, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Ki ɗauke gishiri da yajin barbaɗe daga kan tabarmar cin abinci, wanda yake so ya tashi ya je madafa ya ɗauko. Ba sai kin yi shela ba. Ragin kwata, in miya ta ji daddawa, da wuya wani ya lura. Bayan wata guda ki sake ragewa. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, har ya kai abincin gidan biki ya riƙa yi wa mutanen gidanki zau.

Inda za ka rataye sabon hali

Ƙirƙiro sabon hali ya fi rage tsoho sauƙi, idan aka san inda za a rataye shi. Sabon hali kamar riga yake, idan babu ƙusa a bango ƙasa zai faɗi. Mu kuwa Allah Ya ba mu ƙusoshi biyar a kowane yini, waɗanda ba sa motsi: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Wanda ya ce "zan riƙa shan maganina kullum" bai ce komai ba tukuna. Wanda ya ce "da na sallame sallar asuba, kafin in naɗe darduma, zan sha maganina" ya gama rabin aikin. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana bincike a kan haka, kuma abin da aka tabbatar shi ne wanda ya yanke tun farko cewa a lokaci kaza, a wuri kaza, zan yi kaza, ya fi cikawa a kan wanda ya yi niyya kawai.

Amma magana ba ta isa ba, sai an shirya wurin. Kwalin maganin ya bar cikin durowa ya dawo kusa da darduma, inda ake ajiye carbi, a kan kanta ko taga inda hannun yara ba ya kaiwa. Kofin ruwa a rufe kusa da shi tun dare. Idan sai ka tashi ka nemo makulli, ka buɗe durowa, ka je randa ka ɗebo ruwa, to ranar sanyi ba za ka sha ba. Maganin da ake sha da abinci, irin maganin sukari na metformin, a rataye shi a jikin abincin: a ajiye shi inda ake ajiye cokula, ko mai kawo abinci ta ɗoro shi a kan faranti. Ka tambayi likita ko mai ba da magani wane lokaci ya fi dacewa da naka, sannan ka zaɓi sallar ko abincin da ya yi daidai da lokacin.

Wanda na fi so a cikin duka shi ne duba ƙafa. Mai ciwon sukari jijiyoyin ƙafarsa kan mutu a hankali, ƙaya ko ƙusa ta soke shi bai ji ba, ciwon ya ruɓe, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. Muna ce musu su duba ƙafa kullum, su ce to, su manta. Amma ga mutum yana wanke ƙafarsa sau biyar a yini. Sai na ce: alwalar isha'i, idan kin wanke ƙafa, ki zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ki sa ƙyalle mai tsabta ki goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ki juya tafin ƙafar ki kalle shi da fitila. Akwai tsagewa? Akwai ƙuna ko bororo? Akwai wurin da ya canja launi? Minti ɗaya ne. Wadda ba ta iya lanƙwasawa ta ajiye ƙaramin madubi kusa da buta, ko jikarta ta duba mata. Ƙyallen ya zauna a rataye a wurin alwala, ganinsa shi ne tunin. A cikin duk abin da nake koyarwa, babu mai arha da amfani kamar wannan minti ɗayan.

Motsa jiki ma haka. Abin da ake so ga babba shi ne aƙalla minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole a yi shi a haɗe ba. Babu wanda nake ce wa ya fara da 30. Namiji ya zaɓi sallah ɗaya, ya riƙa yin ta a masallacin da ke gaba da na ƙofar gidansa, a ƙafa. Mai zuwa kasuwa a adaidaita ya sauka kwana ɗaya kafin wurinsa. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta isa: bayan tuwon dare, maimakon a kwanta nan take, a yi minti goma ana kai da kawowa daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ana tasbihi ko ana jin rediyo. Tafiya bayan cin abinci tana rage hawan sukari a jini. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, kada ya taka ƙasa babu takalmi, kuma wanda ake yi wa allurar insulin ko yake shan maganin da kan saukar da sukari sosai ya riƙe dabino biyu ko uku a aljihu, ko da jiri da rawar jiki za su taso.

Wani zai raina minti goma. Ni ba na rainawa, domin abin da muke ginawa a watan farko ba ƙarfin jiki ba ne, sabo da tashi ne. In tashin ya zauna, ƙara minti ba wuya. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Mai son riƙe karatu ya duba: Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Shafi ɗaya bayan kowace sallah, shafi biyar ke nan a yini, rabin izu, cikin wata huɗu an sauke. Sau uku a shekara, ga mutumin da a da sai azumi yake buɗewa.

Kwana nawa kafin ya zauna?

Za ka ji ana cewa kwana 21. Wannan adadi ya samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska Ba'amurke, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya rubuta cewa majiyyatansa kan ɗauki aƙalla sati uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ba binciken hali ba ne. Wanda aka yi a kan hali shi ne na Phillippa Lally da abokan aikinta a kwalejin UCL da ke Landan, wanda ya fito a 2009. Mutum 96 kowa ya zaɓi ƙaramin abu guda da zai riƙa yi kullum, aka bi su sati 12. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abu mai sauƙi kamar shan kofin ruwa ya fi saurin zama a kan motsa jiki. Saboda haka idan ka yi wata guda kana jin har yanzu sai ka tilasta wa kanka, lafiyarka ƙalau, haka abin yake.

Wani abu da binciken ya nuna, wanda nake maimaita wa majiyyata, shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke rushe shi shi ne maganar da mutum ke yi wa kansa bayan ya tsallake: ai na riga na ɓata, bari sai farkon wata. Idan ka tsallake yau, gobe ka yi, ko da rabi ne. Kada ka rama, kada ka ninka. Magani musamman, ba a haɗa na jiya da na yau a sha lokaci guda. Kalandar bango da biro a ɗaure da zare sun isa wajen bin sawu: ka yi, ka sa alama. Ranar asibiti ka ɗauki hotonta a waya ka nuna mana. Kalanda mai giɓi ta fi amfani a wurinmu fiye da "ina ƙoƙari, Sista", domin giɓin yana nuna inda matsalar take. Idan duk Juma'a ce ake tsallakewa, sai mu tambayi me ke faruwa ranar Juma'a.

Raba kanka da mugun hali

Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki: tsohon sabo ba ya gogewa ƙaf, yana nan kwance, ranar da ka koma wurinsa a lokacinsa da abokansa zai tashi. Don haka ba a yaƙarsa gaba da gaba. Abu biyu ake yi, a nesanta shi, a kuma cike gurbinsa.

Nesantawa ita ce ka sa abin ya yi wuyar kaiwa. Kada a sayi katan ɗin lemo a ajiye a gida da sunan baƙi, domin ba baƙin ke shanyewa ba. Wanda ke son sha ya sa takalmi ya je shago ya sayi ɗaya. Waya ta kwana a falo a jikin caji, a sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa saboda asuba. Mai cin goro ya daina saye da yawa yana zubawa a aljihu, ya sayi ɗaya ya raba, kuma ya tsayar da ci daga la'asar, domin goro yana ɗauke da sinadarin da ke cikin gahawa mai hana barci. Shi ma a hankali ake rage shi, wanda ya yanke lokaci guda yakan yi kwanaki da ciwon kai.

Cike gurbi kuwa sai ka san abin da halin ke ba ka. Matar nan mai lemo bayan girki, ba zaƙin kaɗai take nema ba. Sanyi take nema, da zaman minti goma da babu mai kiranta. Idan aka ƙwace lemon aka bar ta hannu rabbana, an ƙwace mata hutunta ne. Ta riƙe zaman, ta riƙe sanyin, ta canja abin da ke cikin kofin: zoɓo da ta dafa da kanta da citta da kanumfari, sukari kaɗan ko babu, ko ruwan sanyi da lemun tsami. Mai taba a majalisa, rabin abin da yake nema hira ce. Ya canja wurin zama a bencin, ya matsa kusa da waɗanda ba sa sha, ya riƙe asuwaki ko carbi, domin hannu da baki su sami abin yi. Sha'awar taba idan ta taso ba ta wuce 'yan mintuna, ta lafa. Wanda ya sha ruwa, ya tashi ya zaga, sau da yawa kafin ya dawo ta wuce.

A kan taba dai akwai magana da ba zan sassauta ba. Ragewa hanya ce, ba masauki ba. Wani babban nazari da aka buga a Ingila a 2018 ya nuna cewa namiji mai shan kara ɗaya a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Don haka mai ragewa ya sa ranar da zai ajiye gaba ɗaya, cikin sati huɗu zuwa shida, ya faɗa wa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. Satin farko bayan ajiyewa shi ne mafi zafi, da saurin fushi da rashin barci, daga nan abin yana sauka. Ko giya ma a mataki-mataki aka haramta ta: aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar sallah cikin maye, sannan ayar Ma'ida ta zo da hani gaba ɗaya. Nana A'isha ta ce da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba. Amma matakan sun ƙare ne a kan bari.

Akwai kuma inda wannan hanyar ba ta isa ba, kuma zalunci ne a ce wa mutum ta isa. Wanda ya kamu da tramadol, ko kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a 2018, ko wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, jikinsa ya riga ya dogara da abin. Mashayin giya irin wannan idan ya yanke lokaci guda zai iya yin jijjiga har ta kai ga rasa rai. Wannan aikin asibiti ne, akwai sashen masu kula da haka a asibitocin ƙwaƙwalwa da asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Haka nan maganin hawan jini ko na sukari ba a rage shi don an ji sauƙi ko don an rage gishiri. Idan awo ya sauko, likita ne zai rage.

Sauran wurin da ake faɗuwa shi ne taro. Biki, suna, walima, gaisuwar Sallah, ko'ina lemo ake miƙo wa baƙo, kuma ƙin karɓa a wurinmu kamar raini ne. Kada ki tsaya dogon bayani. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Yaya, a taimaka mini da ruwa, wannan zan tafi wa yara da shi." Babu wadda za ta ji haushi. Ki shirya maganar tun daga gida, domin a tsakiyar mutane ba a samun dabara. Ki ci wani abu kafin ki fita, kada ki isa da yunwa. Idan kuma kin sha, kin sha, gobe a ci gaba daga inda aka tsaya.

Azumi dama ce babba ga mai son barin taba ko goro, tunda yini guda yana haƙuri da su har wata guda. Abin da ke mayar da mutane baya shi ne buɗa-baki, inda ake rama na yini cikin sa'a ɗaya, da kuma satin Sallah, lokacin da tsarin azumin ya watse ba a tanadi wani ba. Tun cikin goman ƙarshe ka zaɓi abu guda daga cikin abin da azumi ya koya maka, ka yanke sallar da za ka rataye shi a jikinta daga ranar ɗaya ga Shawwal. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya zo asibiti tun cikin Sha'aban, kafin a ga wata, a duba ko zai iya azumin, a kuma gyara masa lokutan shan magani zuwa sahur da buɗa-baki.